Littafin Aikin Gawayin Goriba

Litinin, 6 ga Janairu, 2025

Malam ne ya tilasta mini buɗe wannan littafi. Cewa ya yi duk ɗalibin da ya dogara da ƙwaƙwalwarsa a ɗakin gwaji, ranar kare digiri zai gane kurensa. To, ga shi na fara.

Aikin shi ne in ƙona ƙodagon goriba ya zama gawayi, in buɗe masa kafofi, in haɗa sufakafasita, wato wata na'urar ajiye wutar lantarki, da shi, sannan in auna yadda take shan caji idan an gaggauta mata da kuma idan an bi ta sannu.

Bari in rubuta bayanin da na yi wa Inna jiya, don shi ne ya fi fita. Batir yana ajiye wuta ne ta hanyar sauya sinadaran cikinsa, shi ya sa yake da nawa, kuma yake tsufa. Sufakafasita ba ta sauya komai. Faifan gawayi biyu ne, da takardar shamaki a tsakaninsu, duka a jiƙe da ruwa mai narkakken gishiri. Gishiri idan ya narke yakan rabu zuwa ƙwayoyin ayon, wasu masu cajin tarawa, wasu masu cajin ɗebewa. Da an sa wuta, kowace ƙwaya sai ta nufi faifan da ke da kishiyar cajinta, ta lafe a jikin bangonsa. Iyakar ajiyar ke nan. Tun 1853 Bajamushen nan Helmholtz ya bayyana wannan sahu biyu na caji, amma sai 1957 wani injiniyan General Electric mai suna Becker ya yi rajistar na'urar farko, kuma sai 1978 kamfanin NEC na Japan ya kai ta kasuwa.

Sirrin yana cikin faɗin bango. Gram ɗaya na gawayin da aka buɗe wa kafofi yakan kai murabba'in mita 1,000 zuwa 2,000 idan aka shimfiɗa bangayen cikinsa. Wato gram biyar ya ishi rufe filin ƙwallon Karkanda. Inna ta ce, “Kai dai a yi sha'ani, gawayin ma sai an kai shi jami'a.”

Talata, 14 ga Janairu

Na sayo goriba kwano uku a babbar kasuwa. Yaran unguwa suka taya ni gwaguyar ɓawon, ba su nemi lada ba. Fasa ƙodagon ne aiki: guduma ta tsallake ta sami babban yatsana, har yanzu farcen baƙi ne.

Dalilin zaɓen goriba taurinta. Yawancin sufakafasitar kasuwa da gawayin ƙoƙon kwakwa ake yin su, saboda yana da tauri kuma tokarsa kaɗan ce. Mu nan Katsina kwakwa baƙuwa ce, goriba kuwa tamu ce.

Asabar, 25 ga Janairu

Kafin namu gawayin ya samu, Malam ya ce in fara sanin halin ta kanti. Akwai guda a durowa, mai farad 100 (farad shi ne ma'aunin girman ma'ajiyarta) da bolt 2.7. Lissafinta mai sauƙi ne: a amfiya 5 za ta cika cikin daƙiƙa 54, a rabin amfiya kuwa sai minti 9.

Na fara da mai saurin. Mita ta nuna 2.7, na zare waya, na juya zan rubuta. Ko da na waiwayo lambar ta fara zamewa. Akwai ɗan faɗuwa na nan take, wannan na san shi, turjiyar waya da ta ruwan ciki ce. Wanda ya ɗaure mini kai shi ne na bayansa, mai tafiya sannu sannu, har bayan minti goma ta sauka wajen 2.4, alhali ba abin da ke jone da ita. Na ce lallai ta lalace.

Baba mai kula da ɗakin gwaji yana gefe yana shan shayi. Ya ce, “Ɗana, mi ka gani kake ɓata fuska? Juye ta ƙarƙaf, ka sake ta, ka duba.” Na haɗa bakunanta biyu da waya har mita ta nuna sifiri, na cire. Sai ga lambar tana hawa da kanta, kaɗan kaɗan. Abin da na ce ya ƙare ashe da saura a ciki.

Na kwana ina karatu a kan wannan. Amsar tana wurin wani masani ɗan Holan, Robert de Levie, tun 1963. Ya ce kada a ɗauki kafar gawayi kamar randa guda da ake ɗura wa ruwa. Dogon lungu ce, kowane taku a cikinsa yana da tasa turjiyar da tasa 'yar ma'ajiyar. Bakin lungu ke fara cika, domin nan ƙwayoyin ayon ke fara isa. Mita kuwa bakin take gani. Idan ka yi caji da gaggawa, baki ya cika maƙil, ƙurya tana nan wayam. Ka zare waya, na bakin su fara gangarawa ciki, sai ka ga lamba tana sauka. Wutar ba ɓacewa ta yi ba, rarrabuwa ta yi. Haka nan wurin juyewa: baki ya zube, na ƙurya ba su kai ga fitowa ba, daga baya su taso.

Da na maimaita da rabin amfiya, saukar ba ta kai rabin ta farko ba. Duk wanda ya taɓa auna gero ya san wannan: ka zuba da sauri kwano ya yi tozo, ka girgiza ya koma ƙasa.

Daga yau ba zan ƙara rubuta “ta cika” ba sai na rubuta a amfiya nawa, kuma bayan hutun minti nawa.

Litinin, 3 ga Fabrairu

Asara. Iskar naitirojin da ke hana gawayin cin wuta ta ƙare tsakar gashi, ban lura ba, iskar waje ta shiga tanderu. Na buɗe na tarar da farar toka. Aikin mako biyu. Laifina ne, ban duba ma'aunin tukunyar ba kafin in kunna.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Alhamdu lillahi, wannan karon ya yi. Na fara ƙona ƙodagon a digiri 500 ba tare da iska ba, na daka, na tankaɗe, na cuɗa da sinadarin KOH, na mayar tanderu a digiri 800 ƙarƙashin naitirojin. KOH ɗin shi ke cin jikin gawayin yana huda shi. Ɗan'uwan sodar da mata ke yin sabulu da ita ne, kuma kamar ita yake cin hannu, don haka safa biyu na sa. Wankewa ta ci kwana biyu: ruwan asid mai rauni, sannan tataccen ruwa, ana yi ana aunawa har kaifin ya fita.

Masana sun kasa kafofin gida uku. Waɗanda ba su kai nanomita 2 ba su ne ƙanana, daga 2 zuwa 50 matsakaita, abin da ya haura 50 manya. Nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita. Ni dai cikin birni nake hangowa idan ina tunaninsu. Manyan su ne titin da ya shigo daga Ƙofar Ƙaura, matsakaitan su ne hanyoyin unguwa da Keke Napep ke iya ratsawa, ƙananan kuwa lungunan Gobarau da Gambarawa ne, inda mutum biyu sai sun karkace kafin su wuce juna. Gidajen, wato inda caji ke zama, galibi a lungu suke. Gawayin da duk lungu ne zai ɗauki mutane da yawa amma shiga za ta yi wuya. Wanda duk titi ne za a shige shi a guje, sai dai ba masauki. Aikina gaba ɗaya neman tsakiyar nan ne.

Ba mu da na'urar auna kafofi a nan. Na ƙulle gram biyu a kwalba, za a tafi da shi Zariya.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

Na haɗa na farko. Gawayi, ɗan baƙin garin da ke taimaka wa wuta gudu, da ɗan danƙon PTFE, wata roba mai liƙe garin, na murza kamar mai murza taliya, na danne a kan soson nikel. Ruwan ciki KOH ne mai ƙarfin mola 6 (mola ma'aunin yawan sinadari ne cikin ruwa). Ba na wuce bolt 1, domin a wajen 1.23 ruwa ke fara tarwatsewa ya zama iska. Abin da ya sa ta kanti ke kaiwa 2.7 shi ne ba ruwa ne a cikinta ba, wani sinadari ne da ake kira asitonaitiril. Bambancin ba ƙarami ba ne, don ƙarfin da ake ajiyewa yana tafiya ne da bolt sau bolt: a ninka bolt, ajiya ta ninku huɗu.

Na yi guda biyu da gangan, ɗaya siririn faifai, ɗaya mai kauri ninki biyu. Zatona mai kaurin zai ɗauki caji ninki biyu cikin lokaci ninki biyu. A caji mai sanyi kusan haka aka yi. Da na ƙara amfiya sai mai kaurin ya ba ni kunya: abin da kowane gram nasa ke riƙewa ya faɗi ƙasa da na siririn sosai.

Na kai wa Malam takardar. Ko zama ban yi ba ya ce, “Ka koma wa de Levie. In lungu ya ƙara tsawo ninki biyu, me ya sami turjiyarsa?”

“Ta ninku biyu, Malam.”

“Ma'ajiyar fa?”

“Ita ma biyu.”

“To lokacin cika kuwa turjiya sau ma'ajiya ne. Biyu sau biyu nawa?”

Na ce, “Allah ya gafarta Malam, huɗu.” Ya miƙo mini takardata, ya ci gaba da makin jarrabawa.

Wannan lissafi ɗan ƙarami shi ne ya fi komai amfani a abin da na koya zuwa yau. Kauri ninki uku, jira ninki tara. Shi ya sa nake ɗari-ɗari da takardun binciken da ke shelar saurin caji na ban mamaki, sai ka duba ka ga faifan da suka gwada bai kai kaurin fatar albasa ba. Irin wannan ko gawayin mai shayi aka shafa zai yi sauri. Masu ƙera na sayarwa dole su yi kauri, in ba haka ba nauyin gwangwani da na ƙarfe ya cinye ribar.

Asabar, 8 ga Maris

Azumi na takwas. Na mayar da aiki bayan asuba, kafin ƙarfi ya tafi.

Makon nan na canza ruwan ciki, gawayi ɗaya, kauri ɗaya. KOH a gefe, gishirin sodiyom salfet a gefe. A caji mai sauri KOH ya yi masa fintinkau.

Akwai abin dariya a nan. Ƙwayar sodiyom tsirararta ta fi ta fotasiyom ƙanƙanta, don haka mutum zai zaci ita za ta fi gudu. Ina! Saboda ƙanƙantar tata cajinta ya taru wuri guda, sai ta fi janyo ƙwayoyin ruwa su yi mata rakiya. Ƙaramin basarake mai yawan fadawa ke nan, ba ya saurin fita daga zaure. A ma'aunin gudun ayon cikin ruwa sodiyom tana wajen 50, fotasiyom wajen 73. Ita kuwa haidiroksaid ta cikin KOH tana kusan 198, domin ba tafiya kawai take yi da ƙafarta ba. Cajin ne ake miƙawa daga ƙwayar ruwa zuwa ta kusa da ita, kamar yadda leburori ke jeruwa suna miƙa bulo hannu da hannu. Wani masani mai suna Grotthuss ya kawo wannan tunani tun 1806, tun ba a san ma yadda ƙwayar ruwa take ba.

Duk da haka ban yar da sodiyom salfet ba. Ba ya cin ƙarfe, ba ya ƙona hannu, kuma da shi ana iya haurawa wajen bolt 1.6. Ga wanda zai yi aiki a shagon gyara, ba a ɗakin gwaji ba, wannan abin dubawa ne.

Maganar rakiya ta kai ni ga wani aiki na 2006. Kafin shekarar, yawancin masana sun ɗauka kafar da ba ta kai nanomita ɗaya ba asara ce, tunda ayon da fadawanta ba za su shige ta ba. Sai Chmiola da Gogotsi na jami'ar Drexel a Amurka, tare da Patrice Simon na Tulus a Faransa, suka nuna cewa a irin waɗannan matsattsun kafofi ajiyar ma ƙaruwa take yi. Ayon takan sallami wasu daga cikin masu rakiya, ta tattare babbar riga, ta kutsa, ta matsu da bango sosai. Kusanci da bango kuwa shi ne yawan ajiya. Sai dai tattare rigar ma lokaci yake ci.

Laraba, 19 ga Maris

Na gano cewa hoton da na zana wa Inna a watan Janairu bai cika ba. Na nuna mata kamar lungunan wayam suke, sai an sa wuta baƙi su shigo. Ba haka ba ne. Ƙungiyar Clare Grey a Kambirij ta Ingila ta leƙa cikin gawayi da na'urar maganaɗisu, dangin wadda asibiti ke ɗaukar hoton jiki da ita, suka tarar tun kafin a sa wuta kafofin cike suke da ayon iri biyu a cakuɗe. Saboda haka caji yana iya faruwa ta hanya uku: masu kishiyar caji su ƙara shigowa, ko masu caji irin na bangon su fice, ko a yi musaya, wannan ta shiga waccan ta fita. A wani gwajinsu na 2015 faifan ɗebewa ya cika ta hanyar shigowa, na tarawa kuwa ta hanyar musaya. Na'ura ɗaya, hali biyu.

Da zarar an ce musaya, an zo gidan biki. Zaure ɗaya ne, matan da suka gama gaisuwa suna son fita, ga ayarin dangin ango ya danno kai gaba ɗaya. Na waje su toshe ƙofa, na ciki su maƙale, kowa ya tsaya. Da ayarin ya shigo bibbiyu, da tuni an gama.

Haka wasu masana suka gani a lissafin kwamfuta a 2018, Breitsprecher da Holm na Shitutgat a Jamus tare da Kondrat. Idan aka ɗora cikakken bolt farat ɗaya a kan kafa matsattsiya, masu shigowa sukan cunkushe baki su kulle waɗanda ya kamata su fita, sai cikar ta ɗauki dogon lokaci. Idan aka hau da bolt ɗin a hankali, kafar takan riga cika. Da na karanta wa Baba, bai ko ɗago ba ya ce, “Sauri ya haifi nawa. Wannan har sai Bature ya sa kwamfuta?”

Amma in yi wa kaina adalci a rubuce. Nasu lissafin a kan narkakken gishiri ne tsantsa marar ruwa, cikin kafa mai faɗin ƙwaya guda. Nawa KOH ne cikin ruwa, kuma kafofin goriba ba girma ɗaya ba ne. Na gwada hawa sannu da ɗorawa farat ɗaya sau shida, bambancin da na gani bai fi ƙarfin kuskuren na'urarmu ba. Ba zan rubuta cewa na ga abin da ban gani ba, komai daɗin karin maganar.

Laraba, 2 ga Afrilu

Hutun Sallah. Ƙanena ya zo da wayarsa yana nuna mini wani labari, wai an gano yadda za a cika waya cikin minti ɗaya. “Yaya, ba irin naka ba ne? Yaushe za ka yi mana?”

Na san aikin. Na Ankur Gupta ne na jami'ar Kolorado a Amurka da abokan aikinsa, ya fito a 2024. Abin da suka yi lissafi ne, ba batir ba. Dokar Kirchhoff ta 1845, wadda duk ɗan ajin lantarki ya haddace, tana faɗin yadda wuta ke rabuwa a mahaɗar wayoyi. Su kuma suka nuna cewa a mahaɗar kafofi ayon ba ta bin dokar yadda take, domin abu biyu ke tura ta: jan wutar, da kuma halinta na barin inda aka cunkushe zuwa inda ke da sarari. Suka gyara dokar yadda za a lissafa dubban kafofi masu haɗe da juna cikin mintoci. De Levie lungu ɗaya miƙaƙƙe ya lissafa, su sun lissafa unguwa da mahaɗun lungunanta. Aiki ne mai kyau, masu kanun labarai ne suka ƙara masa gishiri.

Na ɗauki biro na yi masa lissafi a bayan kwalin taliya. Ta kantin nan tawa mai farad 100, in ta cika tana riƙe da kusan kashi ɗaya cikin goma na wat-awa, wato ma'aunin wutar da aka ajiye. Batirin wayarsa mai mAh 5,000 yana riƙe da wajen wat-awa 19. Ke nan sai ya ɗauki kusan 190 a buhu. Kilo ɗaya na sufakafasita yakan riƙe wat-awa 5 zuwa 10, na batirin litiyom kuwa 150 zuwa 250. Inda take cin kasuwa shi ne aikin da ke son wuta mai yawa cikin daƙiƙoƙi, sau dubu ɗaruruwa ba gajiya: motocin bas na Shanghai da ke shan caji a tasha tun 2006, ko fizgar farko da injin famfo ke yi lokacin tashi, wadda ke kashe wa masu sola batir. Ya ce to shi dai a yi ta waya. Na ce ya je ya kai wa Inna cefane.

Talata, 15 ga Afrilu

Zafi ya sauka sosai, ɗakin gwaji kamar gidan burodi. Na maimaita gwajin 20 ga Fabrairu da sababbin faifai, sai na ga turjiya ta ragu, mai kaurin ma ya ɗan farfaɗo. Ruwa in ya ɗumama yakan saki jiki, ayon ta sami gudu. Amma wadda na cika na bari ta kwana, da safe ta zubar da fiye da abin da takan zubar lokacin hunturu. Wannan zubewar ta gaske ce, ba rarrabuwa ba, domin na riƙe ta a bolt 1 awa biyu kafin in sake ta, ƙurya ta riga ta ƙoshi. Masu ƙerawa suna da ƙa'idar cewa duk ƙarin digiri 10 yana raba tsawon ranta biyu. Duk wanda zai kafa irin wannan a Katsina sai ya fara tunanin inuwa kafin tunanin waya.

Kuskurena shi ne ban rubuta zafin ɗaki ba a gwaje-gwajen Fabrairu. Yanzu ba dama in kwatanta su da na yau kai tsaye. Baba ya rataya mini ma'aunin zafi a saman teburi, ya ɗaure shi da zare don kada ya yi ƙafa.

Sakamakon Zariya ya iso jiya. Kafofinmu yawancinsu ƙanana ne, matsakaitan kaɗan, wato lungu ya yi yawa, hanyar unguwa ta yi ƙaranci. Ya dace da yadda mai kaurin ke shaƙewa. Malam ya kuma turo mini aikin ƙungiyar Alexander Forse ta Kambirij na 2024, wanda ya nuna cewa a gawayin da suka gwada, rashin tsarin jerin ƙwayoyin gawayin ya fi girman kafa alaƙa da yawan ajiya: wanda ya fi hargitsewa ya fi riƙewa. In haka ne, zafin tanderu yana taɓa abu biyu a lokaci guda, kuma dole in raba su.

Abin da ke gabana: gashi uku, a digiri 700 da 750 da 800, KOH daidai wa daida. Na huɗu da ruwan tokar karan gero maimakon KOH, tunda fotasiyom kabonet ne a cikinta, shi ma yana huda gawayi, kuma Inna ta ce za ta tace mini kyauta. Kowanne faifai biyu, siriri da mai kauri. Goriba ta kusa ƙarewa, gobe da safe sai kasuwa. Tukunyar naitirojin na duba ta yau, saura rabi.